Jini a Cikin Gida: Daga Zongon Yamai zuwa Gonakin Amish

A shekarar 1926, da Faransawa suka ɗauke hedikwatar mulkin Nijar daga Damagaram suka kawo ta Yamai, garin bai wuce ƴan unguwanni na bukkoki da gidajen laka a bakin kogin Isa ba. Akwai Mawre, akwai Kalle, akwai Gaweye, kowace da dangin da suka kafa ta. Sai kuma Zongo, masaukin baƙi: fatake da ƴan koli, mahauta da wanzamai, malamai da almajiransu, akasarinsu Hausawa daga gabas da kudu. Yau birnin ya haura mutum miliyan ɗaya, ya yi wa Zongo zobe har ta koma tsakiyarsa, kusa da inda Ƙaramar Kasuwa take kafin gobarar 2012. Amma tsarin da ya riƙe irin wannan unguwa tun farko bai gushe duka ba.

Baƙo ba ya faɗa wa zango da ka. Sai ya sami maigida, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa in rigima ta taso. In bashin goro ko na shanu ya maƙale, ko yaran gida biyu sun fasa wa juna kai, maganar takan tashi daga zauren maigida zuwa na mai unguwa, in ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a kira liman. Kowa ya san yadda zaman ke ƙarewa. Dattijo zai dubi wanda aka cuta ya ce, “Ɗana, ka yi haƙuri, ka bar wa Allah.” Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, tunda kun sa baki, na bari.” A shafa fatiha, kowa ya kama gabansa. Wanda ya tsallake wannan zaure ya nufi ofishin kumandan, ko komisariya a yau, ya tona asirin unguwa ke nan, kuma zai daɗe yana ganin sakamako a fuskokin maƙwabta.

Masanin zamantakewa Abner Cohen ya zauna a Sabo, zangon Hausawan Ibadan, a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafinsa a 1969. Ya ga yadda masu gidaje ke riƙe da cinikin shanu da goro bisa amana, dukiya mai yawa tana yawo babu takarda, Sarkin Sabo yana raba gardama ba tare da an je kotu ba. Ya kuma rubuta yadda a farkon shekarun 1950, da siyasar jam'iyyu ta fara girgiza matsayin unguwar, mutanenta suka shiga ɗariƙar Tijjaniyya da yawansu, suka ware sallar Juma'arsu daga ta Yarabawan gari. Addini da harshe da ciniki suka haɗu suka kewaye unguwar.

Sulhun zaure yana iya haɗiye bashi da zagi da rauni. Gawa ce ta fi ƙarfinsa. Da an wayi gari an ga mutum kwance cikin jini a lungu, dole hukuma ta shigo da harshenta da takardunta, ta tarar da mutanen da suka saba kashe wutarsu da kansu. Jami'in bincike yana son a kai gawa asibiti likita ya duba, dangi suna son a yi mata wanka a sallace ta a rufe kafin azahar. Yana tambayar wa ya ga abin da ya faru, ana ce masa “Allah ne masani.” A wannan tsakani ne wani reshe na adabin duniya ya yi gida, kuma inda ya fi yin kasuwa shi ne wasu gonaki na Amurka, cikin mutanen da ake kira Amish.

Amish zuriyar wasu Kiristoci ne na Suwizalan da Alzas da kudancin Jamus, masu cewa ba a yi wa jariri baftisma, sai mutum ya girma ya zaɓa da kansa. Kan wannan aƙida mahukuntan Turai suka yi ta ƙona magabatansu da nutsar da su a ruwa tun ƙarni na 16. A 1693 wani mai suna Yakob Amman ya ɓalle da mabiyansa a kan batun ƙaurace wa wanda ya saɓa wa jama'a, daga sunansa aka samo nasu. A ƙarni na 18 suka fara ƙaura zuwa Pensilbaniya. Yau sun kai kimanin 400,000, mafi yawansu a Pensilbaniya da Ohayo da Indiyana. Keken doki suke hawa, ba sa jawo wutar lantarki cikin gidajensu, yaransu na tsayawa a aji takwas, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar musu da wannan haƙƙi a 1972. A gida wani karin Jamusanci suke yi.

Abin da ya ja marubutan labarin laifi zuwa gare su shi ne yadda suke da hukuma. Ba sa rantsuwa, ba sa shigar da ƙara, ba sa aikin soja ko na ɗan sanda. Wanda ya yi babban laifi yakan durƙusa gaban jama'ar cocinsa ya amsa, a ƙaurace masa na makonni shida, a karɓe shi, daga nan kuma ba a so a sake tada maganar. A gidajensu da yawa akwai wani ƙaton littafin tarihin shahidansu da aka fara bugawa a 1660. A ciki akwai labarin Dirk Willems, wanda ya tsere daga kurkuku a Holan a 1569, mai bin sa ya rufta cikin ƙanƙara, ya juyo ya ceto shi, aka sake kama shi aka ƙona shi. Yaron da ya tashi da wannan labari ya san abu biyu tun yana ƙarami: ana yafe wa maƙiyi, kuma mai kaki ba abokin sirri ba ne.

Fim ne ya buɗe ƙofar. A 1985 Peter Weir ya fitar da Witness, inda wani yaro ɗan Amish da ke tafiya da mahaifiyarsa ya ga an yanka mutum a banɗakin tashar jirgin ƙasa ta Filadelfiya. Harrison Ford ne ɗan sandan da ya gano cewa masu kisan abokan aikinsa ne, ya gudu da rauni ya ɓuya a gonar dangin yaron a yankin Lankasta. A ƙarshen fim ɗin yaron ya kaɗa ƙararrawar gona, maƙwabta suka baro aikinsu suka taru, babu mai ko sanda a hannu, suka tsaya suna kallon mai bindiga har ya ga ba zai iya kashe shaidu masu yawa haka ba. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar biyu.

Littattafai suka biyo baya. A 1999 P. L. Gaus, malamin kimiyyar sinadarai a wata kwaleji a Ohayo, ya fitar da Blood of the Prodigal, inda shugaban wata jama'ar Amish ya nemi jikansa ya rasa, ya ƙi zuwa wurin ƴan sanda, ya nemi wani fasto da wani farfesa da ya yarda da su. A 2000 Jodi Picoult ta rubuta Plain Truth, labarin jaririn da aka tsinta a mace a garken shanu da budurwa ƴar shekara 18 da ta ce ba ta taɓa haihuwa ba. Wadda ta fi kowa cin kasuwar ita ce Linda Castillo. Tun Sworn to Silence na 2009 take fitar da littafi kusan kowace shekara a kan Kate Burkholder, shugabar ƴan sandan wani ƙaramin gari ƙirƙirarre a Ohayo. An haifi Kate cikin Amish, ta fita. Tana jin harshensu, ta san wane ɗaki ake shiga da wanda ba a shiga, amma su a wurinsu ta riga ta zama bare. Ita kanta tana ɗauke da asirin gidansu: tana ƴar shekara 14 ta harbe mutumin da ya keta mata haddi, mahaifinta da ɗan'uwanta suka ɓoye gawar, ba a gaya wa hukuma ba.

Littattafan suna da daɗin karatu, sai dai akwai rashin adalci a cikinsu da bai kamata a rufe ido a kai ba. Ƴan waje ne ke rubuta su, a kan mutanen da ba sa mai da martani, kuma an cika ƙauyukansu da gawarwakin da babu su a zahiri. Sai a 1994, bayan fiye da shekara 250 da zuwansu Amurka, aka sami Ba'amishe na farko da kotu ta kama da laifin kisa, Edward Gingerich, wanda ya kashe matarsa a Pensilbaniya cikin taɓin hankali. Ya bar shan maganin asibiti, aka koma kai shi wurin mai gyaran ƙashi, abin da ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa ganin yadda ake yawo da mai irin wannan lalura a ƙasar Hausa. Kisan da ya fi girgiza su kuwa daga waje ya zo. Ranar 2 ga Oktoba 2006 wani direban motar madara ya shiga makarantarsu a Nickel Mines, ya harbi ƴan mata 10, biyar suka rasu, ya kashe kansa. A ranar wasu Amish suka je gidan iyalinsa yi musu jaje, daga baya suka halarci jana'izarsa, suka ware wa matarsa wani abu daga gudummawar da aka tara musu. Duniya ta jinjina musu, kuma sun cancanta. Amma a 2020 ƴar jarida Sarah McClure ta fitar da binciken da ya tattaro shari'o'i fiye da 50 na lalata da yara a cikin Amish, tare da shaidar matan da aka matsa musu su yafe su yi shiru. Halin da ya kai su gidan direban nan shi ne kuma ya rufe bakin waɗannan yara.

Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, don ƙasarsa ta daɗe da sanin yadda ake bin jini, da yadda ake barinsa. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani ya shiga littattafai, a Zongo ne ko a Zariya, zai bi ta Ahalari da Ishmawi da Iziyya ya iso Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996. Can wajen ƙarshenta akwai babin hukuncin jini. Kisa yana tabbata da iƙirarin mai shi, ko da shaidu biyu adalai, ko da ƙasama. Ƙasamar nan ita ce ta fi ɗaure wa Turawa kai. In ba a sami cikakkun shaidu ba amma akwai alama mai ƙarfi, misali adali ɗaya ya gani, ko mamacin ya ambaci wanda ya sare shi kafin rai ya yi halinsa, sai a kira maza magadan jini su yi rantsuwa 50 cewa wane ne ya kashe ɗan'uwansu. In sun rantse, hukunci ya hau kansa. In sun noƙe, rantsuwar ta koma kan wanda ake tuhuma. Magada ne ke da zaɓi tsakanin ƙisasi da yafewa. Diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Ko sun yafe, Malikiyya ta ce a yi wa mai kisan ganganci bulala 100 a ɗaure shi shekara guda. Kisan gilla ne kaɗai ba ya yafuwa, wannan na hukuma ne.

Tsari ne da ya jingina nauyinsa ga tsoron Allah. An ɗauka cewa mutum ba zai tsaya bayan la'asar gaban jama'a ya maimaita rantsuwar ƙarya sau da yawa haka a kan ran wani ba, kuma mutumin da ke kan gargara ba zai so ya gamu da Ubangijinsa da ƙazafi a bakinsa ba. Wanda ke son ganin yadda abin ya gudana a aikace, akwai kundin majalisar shari'a ta Sarkin Kano Abbas na 1913 zuwa 1914, da aka rubuta da Larabci, Allan Christelow ya fassara wani ɓangarensa ya buga a 1994. A ciki akwai shari'o'in kisa da sata da filaye, kowace a taƙaice, da sunayen masu ƙara da abin da sarki ya yanke.

Ingilishi sun bar kotunan sarakuna suna shari'ar kisa, ga kuma kundin laifuka nasu a gefe, har ranar da dokokin biyu suka yi karo. A 1947 ƙarar Tsofo Gubba ta isa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma. Mutumin ya kashe kwarton matarsa, kotun Sarkin Gwandu ta ce kisan ganganci ne, ta yanke masa hukuncin kisa, don a Malikiyya fushi ba ya sauke ƙisasi. A dokar Ingilishi kuwa tunzurawa tana sassauta laifin, ba a rataye mutum a kansa. Kotun ta soke hukuncin. Sarakuna da alƙalan Arewa suka ji an taɓa musu martabar shari'a, aka yi ta gyaran doka ana warwarewa fiye da shekara goma. A 1958 aka kira kwamitin masana ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat, daga aikinsu aka samo kundin hukunta laifuka na Arewa, wanda ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, jajiberin ƴancin kai. Mutumin Yamai ba zai ji labarin nan da nisa ba, don ƙasar Sayi da ke kudu da birnin ta daɗe tana kallon Gwandu a matsayin uwar gijiya kafin a ja iyaka.

A ɓangaren Faransa ba a ja zancen da tsawo haka ba. Dokar 10 ga Nuwamba 1903 ta tsara kotunan ƴan ƙasa a Afirka ta Yamma hawa uku, ta bar manyan laifuka a hannun kotun da kumandan ke shugabanta, da dattawan gari a gefensa suna gaya masa al'ada, shi kuma ya ɗauki wadda ta yi masa. Tsakaninsa da mai laifi akwai tafinta, kuma Amadou Hampâté Bâ ya nuna a littafinsa na Wangrin, na 1973, irin ƙarfin da ke hannun mutumin da shi kaɗai ke jin harsunan biyu. A 30 ga Afrilu 1946 aka soke shari'ar laifi ta ƴan ƙasa gaba ɗaya, kowa ya koma ƙarƙashin dokar Faransa. Nijar ta yi nata kundin ranar 15 ga Yuli 1961, a kan wannan tubali. Har gobe sarakunan gargajiya da masu unguwanni suna da ikon sulhu a rigingimun al'ada, na aure da gado da gona, amma jini na mai gabatar da ƙara ne. Dangi na iya cewa sun yafe, doka ba ta yafe ba. Ana kuma shari'ar da Faransanci, ana fassara wa Bahaushe ko Bazabarme abin da ake faɗa a kan ransa.

Da irin wannan tarihi, sai a zaci adabin Hausa zai cika da masu bincike. Ba haka ta kasance ba. Laifi dai yana nan tun ranar farko. Cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo labarin ɓarayi ne, Jiki Magayi kuma, na John Tafida da East, labarin ramuwa ne mai ɗaci. Attajiri Malam Shehu ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainab da ƙarfin dukiya, Abubakar ya shiga duniya neman asirin da zai lalata ɗan da za su haifa, yaron, Kyauta, ya tashi ɓarawo har ya kashe mahaifinsa bai sani ba. Akwai gawa, akwai dalili, akwai mai hannu a ɓoye, duk kayan aikin labarin bincike sun cika. Mai binciken ne kawai babu, kuma labarin bai ji rashinsa ba, don an gina shi a kan abin da kowane mai karatu ya riga ya yarda da shi, cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Haka abin ya ci gaba. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, a ƙarshen shekarun 1970, ya bi saurayin ƙauye zuwa birni har ya faɗa sata da gidan kaso. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya tona fasa-ƙwauri da manyan da ke bayansa. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, da ya fito tare da shi a 1982, ya kawo Mailoma da bindigogin da suka watsu bayan yaƙin basasa, kuma har yau da wuya a sami littafin Hausa da ya kai shi zafi. A duka, idon marubuci yana kan mai laifi. Ba rashin masu karatu ba ne, don a shekarun nan matasan Kano suna cinye littattafan James Hadley Chase, na Yamai suna musayar littattafan leƙen asiri na SAS hannu da hannu. Dalilin ya fi kama da na tarihi. Mai kaki da talaka ya sani shi ne ɗan doka da dogari da gardin kumandan, masu karɓar haraji da kamen aikin tilas. Da wuya mai karatu ya ba irin wannan mutum zuciyarsa ya bi shi shafi 200 yana fatan ya yi nasara. In an yi wa mutum sata, sau da yawa ya fi yarda da mai bugun ƙasa. Shi ya sa Hausawa ke riƙe da sunan Gandoki da Alhaji Imam da Mailoma, amma ba a ji suna kiran wani sufeto na littafi da irin wannan sabo ba.

A Yamai wanda ya fi kusantar wannan fage shi ne ɗan jarida Amadou Ousmane, kuma ta ƙofar kotu ya shigo. Littafinsa na farko, 15 ans, ça suffit, na 1977, shari'a ce a kan karkatar da abincin agaji lokacin fari, kuma babu ɗan Nijar da bai gane cewa da mulkin Diori Hamani ake ba, wanda sojoji suka kifar ranar 15 ga Afrilu 1974. A 1981 ya fitar da Le nouveau juge, labarin matashin alƙali da ya ci karo da masu ƙarfi, daga baya ya tattara labaran zaman kotu a Chronique judiciaire. Ya gane abin da marubuta da yawa suka tsallake, cewa a zauren shari'a ne ake jin abin da gidaje ke ɓoyewa. Sai dai da Faransanci ya rubuta, mahauci da mai goro na Zongo ba su cikin masu karanta shi.

Wanda ya ɗauki mai bincike ya shigar da shi cikin jama'a mai rufaffiyar ƙofa, a wannan yanki namu, ɗan Mali ne, Moussa Konaté, haifaffen Kita a 1951. Jaruminsa Kwamishina Habib Keita dattijo ne a rundunar ƴan sandan Bamako, yana tafe da matashin sufeto Sosso. Sun fara da unguwar talakawa ta Bankoni, a littafin da Gallimard ta buga a 2002. A L'Empreinte du renard, na 2006, an tura su ƙasar Dogon, inda samari ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, jikinsu a kumbure. A can masu duba sukan zana gidaje a kan rairayi da yamma, su kafa ƴan tsinkaye, su watsa gyaɗa, da dare yanyawa ta zo ta ci ta bar sawu, da safe a karanta amsar a sawunta. Habib ya tarar mutanen ƙauye ba sa jiran sakamakon bincikensa, suna da nasu bayanin da nasu masu hukunci, ga kuma rigimar ƙasar kakanni tsakanin dattawa da samarin da suka sami mulkin ƙaramar hukuma.

La Malédiction du lamantin, na 2009, shi ne zai fi shiga ran mutumin bakin kogi. An wayi gari bayan hadari an sami shugaban masunta Bozo da matarsa a mace a zangonsu kusa da Bamako. Jama'arsu suka ce fushin ayu ne, mai kogi, wanda aka saɓa wa alkawari. Duk wanda ya zauna da Sarkawa a gaɓar Isa, ko ya ji yadda Zabarmawa ke ambaton Harakoi Dikko, aljanar kogin, ya san ba wasa ake da irin wannan magana ba. Habib yana neman hannun ɗan Adam a cikin lamarin, dattawa suna tuna masa cewa lakwal ɗin Nasara ta raba shi da sanin gida, manyansa a ofis suna so ya sassauta don kada a taɓa jama'a. A nan Konaté ya fi marubutan Amish gaskiya. Bai mai da Bozo ko Dogon kayan kallo ba, ya ba su hujja mai nauyi, ya bar ɗan sandansa yana shakkar ko dokar da yake wa aiki, wadda aka gada daga Faransa, tana da hurumin shiga inda ya shiga. Duk da haka bai bar shi ya janye ba, don akwai wanda aka kashe, kuma rufin asirin jama'a ba ya mai da rai.

Konaté ya rasu a Limoges ranar 30 ga Nuwamba 2013, ya bar littattafan Habib biyu da ba a buga ba. Na ƙarshe, na 2015, a Kita yake, garinsu. Wanda ya riga shi, Meurtre à Tombouctou, ya fito a 2014, shekara guda bayan sojojin Faransa sun shiga Tumbutu. An tsinci gawar wani saurayi Buzu a wajen gari, an kuma yi harbi a wani otal da Bafaranshe ke ciki. Nan da nan hukumomi suka ce ta'addanci ne, aka haɗa Habib da jami'in leƙen asirin Faransa. Shi kuwa ya ƙi sakin zaren da ya kama, ya karkata ga dangin mamacin da tsohuwar gabar da ke tsakaninsu da wani gida na Buzaye, yana bin zumunta da abin da ake jin kunyar faɗa wa bare, har ya kai ga wanda ya yi kisan.